Ƙarfe ko kankare? An yanke hukuncin tun a Kogi

'Yan uwa, duk lokacin da bene ya rufta sai in ga ana tambaya: me ya sa ba ma gini da ƙarfe kamar Amurka? Ni dai a ganina, maginanmu ba su ne suka zaɓi kankare ba. Zaɓar musu aka yi.

Kankare yana jure danniya amma ba ya jure ja, shi ya sa ake cusa masa rodi. Wani mai lambu a Faransa, Joseph Monier, yana cikin waɗanda suka fara wannan dabara, ya yi mata rajista a 1867, kuma a kan tukwanen fulawa! Ƙarfe kuwa yana jure duka biyun, ga sauri: benen Empire State mai hawa 102 a New York, cikin kusan wata 13 aka gama shi a 1931. Amma fa Amurka tana da masana'antun ƙarfenta a gida. Mu fa?

Mu ma mun so. A 1979 aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilar Ajaokuta, a wurin da yake jihar Kogi yanzu, ga ma'adinin ƙarfe nan kusa a Itakpe. Aka gina kamfanonin murza ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo. Dattawan Katsina za su ba ku labarin yadda aka ɗora buri a kan nasu. Zuwa 1994 an ce aikin Ajaokuta ya kai kashi 98 cikin ɗari, amma har yau ba a taɓa hura babbar maƙerar da za ta narka ma'adinin ba. Shekara sama da 40 ke nan, jama'a.

Siminti kuma da abin kunya ya fara. A 1975 gwamnati ta yi odar da ta wuce hankali, jirage ɗaruruwa suka toshe tashar Legas wata da watanni, simintin wasu ya daskare a cikinsu. To amma dutsen da ake siminti da shi muna da shi, daga Sakkwato har Ashaka. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta ce ba lasisin shigo da siminti sai ga mai kafa masana'anta a gida. Dangote ya gina Obajana. A ina? A Kogin dai, jiha ɗaya da Ajaokuta.

Don haka mai son ginshiƙan ƙarfe yau, yawanci sai an shigo masa da su da dala, sai ƙwararren mai walda, sai a kare su daga tsatsa da gobara, don ƙarfe yana laushi in ya sha wuta. Mai kankare kuwa buhu, yashi, tsakuwa, leburori, shi ke nan.

Abin da ke damuna shi ne, ƙarfe daga masana'anta yake zuwa da awonsa, kankare kuwa a fili ake kwaɓa shi, kuma a nan ake ha'inci. A rage siminti, a sa rodi mai 12 inda injiniya ya ce 16, a cire katako kafin dekin ya yi ƙwari. Rodin ma akasari daga tarkacen da 'yan jari bola ke tarawa ake narka shi, wani mai kyau, wani sai addu'a. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya ci rayuka sama da 40. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

In kana gini yanzu, ranar zuba dekin kada ka aika yaro. Je ka da kanka, ka ƙirga buhunan.