Tauraron Teku: Halittar da Ba Ta da Gaba Balle Baya

Tauraron teku dabba ce mai rarrafe a ƙasan teku, nau'o'insa kusan 1,900. Galibi hannuwa biyar ne ke fitowa daga tsakiyar jikinsa, shi ya sa duk inda ya nufa nan ne gabansa. Ba shi da ƙwaƙwalwa; ruwan teku ne ke zagayawa cikin jikinsa yana motsa ɗaruruwan ƙananan ƙafafunsa. Idan hannu ya gutsure, wani kan tsiro.

Tun daga 2013, wata cuta mai narkar da jiki ta hallaka biliyoyinsu a gaɓar Fasifik ta Arewacin Amurka. Bushiyar teku, wadda suke ci, ta samu sarari ta yawaita, ta cinye dazukan ciyawar teku da kifaye ke fakewa a ciki.