Tsuntsayen ruwa na fadamar Haɗeja-Nguru da wuraren kallonsu

Fadamar Haɗeja-Nguru yanki ne na tafkuna da kududdufai da ƙoramu da ya ratsa gabashin Jihar Jigawa da arewacin Jihar Yobe. Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are ne ke shayar da ita: idan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayin yashi sai su rarrabu, su malale, kafin su sake haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Ambaliyar kan kai ƙololuwa a watannin Agusta da Satumba. Sannu a hankali ruwan yake janyewa, yana barin taɓo da ciyayi da ƙananan kifaye, kuma wannan janyewar ce ke tara tsuntsaye daga nahiyoyi uku.

A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma, mai faɗin hekta 58,100, cikin jerin fadamun da duniya ke karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Shi ne na farko a Najeriya. Tafkin Dagona da fadamar Baturiya sun bi baya a 2008.

'Yan gida

Wanda ya saba da fadamar zai fara gane kirinjijiya tun kafin ya gan ta, saboda fiton da garkenta ke yi da asuba da almuru. Agwagwa ce mai farar fuska da doguwar ƙafa. Sai dinya, wadda ta fi duk danginta girma a Afirka, tana da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike da take faɗa da shi. Akwai kwasakwasa mai jakar fata a ƙasan baki, da jinjimi, da zalɓe, da borin-tunke mai sanƙon kai.

Biyu daga cikin 'yan gidan sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne tsuntsun da masana ke kira jakana, mai launin jar ƙasa da shuɗin goshi. Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, har suna rarraba nauyinsa a kan ganyen bado, ta yadda daga nesa sai a ɗauka a kan ruwa yake tafiya. Zaman gidansa ya fi tafiyarsa ban mamaki: mace ce ta fi girma, takan yi ƙwai ga namiji fiye da ɗaya, sannan ta bar wa kowanne kwanci da reno. Idan haɗari ya taso, uban kan cusa 'ya'yan ƙarƙashin fikafikansa ya gudu da su, ƙafafunsu na reto a waje. Na biyu wani baƙin zalɓe ne ƙarami, wanda kan buɗe fikafikansa ya rufe kansa kamar laima a cikin ruwa maras zurfi. Kifaye kan taru a inuwar, shi kuwa ya tsince su.

Gauraka kuma labarinta na rashi ne. Wannan tsuntsuwa mai kambin zinariya, da ake yawan ambatawa a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta kusa ɓacewa daga dazuzzukan ƙasar saboda kamu don sayarwa da lalacewar fadamu. A yau an fi samun ta a ɗaure a farfajiyar manyan gidaje fiye da bakin tafki, kuma wadda ke tsare ba kasafai take hayayyafa ba.

Baƙin hunturu

Daga watan Oktoba tsuntsayen Turai da arewacin Asiya kan fara sauka bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Fadamun Sahel ne ruwan farko mai yawa da suke tararwa. Cikinsu akwai ƙaramar agwagwar da Turawa ke kira garganey, wadda namijinta ke da farin zane daga ido zuwa ƙeya, da wata mai siririn wuya da tsinin jela. Akwai kuma tsuntsun taɓo da ake kira raf, wanda ke zuwa daga ƙasashe masu nisa har da Siberiya, yana kalen shinkafa a gonakin da aka girbe. A can inda yake hayayyafa namijin kan fito da wani tulin gashin ado a wuya. A nan kuwa tufafinsa na toka-toka kawai muke gani, don haka da wuya manomi ya kalle shi sau biyu. Zuwa Maris yawancinsu sun kama hanyar komawa. Shamuwa tana yin akasin haka: ita da damina take zuwa mana daga kudancin nahiyar.

Shaƙatawa

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Tafkin Dagona, a Ƙaramar Hukumar Bade, yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na yankin Tafkin Chadi, saboda haka farauta haramun ce a cikinsa, kuma da izinin ma'aikatan gandun ake shiga. Ƙarami ne, amma yana riƙe ruwa bayan kududdufan kewaye sun ƙafe, abin da ke sa tsuntsaye cincirindo a kansa. Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989. A Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya tuƙe, ana iya shirya yawon kwalekwale da masunta, kuma kwalekwalen sanda ya fi mai inji, domin ƙarar inji na tayar da garke tun daga nesa. Masu son taron jama'a kuma suna da bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram.

Ruwan da ya ragu

Duk wannan ya dogara ne a kan ambaliya, ita kuwa ta canja tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke mamayewa, wanda a da ya haura murabba'in kilomita 2,000, ya ragu zuwa ƙasa da rabin haka a shekaru da dama. Matsala ta biyu ta fi wuyar ganewa. Ruwan da ake saki daga madatsun a lokacin rani ya hana wasu mashigai bushewa, kachala kuwa irin wannan wuri take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi zuwa ɓangaren Marma da Nguru inda yake cinye gonaki, ta bar wasu garuruwan na ƙasa da ƙishi. Cikin duhuwarta jan-baki ke samun maɓoya yana afka wa gero da shinkafa, yayin da agwagi da tsuntsayen taɓo, masu buƙatar buɗaɗɗen ruwa da gaɓa mai laka, ke rasa wurin sauka. Masunta da manoman yankin kan fita gayya da lauje da kwalekwale su sare ta, amma saiwarta na nan a ƙarƙashin laka, kuma takan sake tsirowa a cikin 'yan watanni.