Sunan Ma a Ƙasar Sin: Asalinsa da Mashahuran da Suka Ɗauke Shi

Ma suna ne na zuriya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a ƙasar Sin, ma'anarsa a harshensu doki, kuma bisa al'adar Sinawa shi ake fara ambata kafin sunan yanka. Wani abin lura game da sunan shi ne manyan tushensa biyu ne, ɗaya daga gidan sarauta na zamanin da, ɗaya kuwa daga Musulunci, har ya zamana mutum biyu suna amsa shi alhali babu nasaba ko ta nesa tsakaninsu.

Tushe na farko, masana tarihi suna jingina shi ga Zhao She, jarumin daular Zhao, wanda ya karya rundunar daular Qin wajen shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki ya saka masa da sarautar Mafu, daga baya jikokinsa suka taƙaita laƙabin ya koma Ma. Daga wannan tsatso aka sami Ma Yuan, sarkin yaƙin daular Han, da kuma Ma Rong (79–166), malamin da ya yi sharhi a kan littattafan mazhabar Konfushiyas, ɗalibai suka yi ta tururuwa zuwa zaurensa.

Tushe na biyu kuwa ya samo asali ne sa'ad da Musulmi, Larabawa da Farisawa da Turkawa, suka zauna a Sin suka hayayyafa, suka buƙaci sunan zuriya irin na mutanen ƙasa, sai da yawansu suka zaɓi Ma saboda kusancin lafazinsa da farkon sunan Muhammadu, kamar dai yadda Bahaushe ya mayar da shi Mamman. Sunan ya yawaita a cikin al'ummar Hui, wato Musulmin Sin masu magana da Sinanci, har ana cewa cikin goma, tara Ma ne.

Mafi shahara a wannan reshe shi ne Zheng He, wanda aka haifa a lardin Yunnan a 1371 da sunan Ma He, mahaifinsa da kakansa duka ana kiransu alhaji. Sojojin daular Ming suka kama shi yana yaro, ya tashi a hidimar fada, har sarki Yongle ya sauya masa suna, ya damƙa masa ayarin jiragen ruwa da ya yi tafiya bakwai tsakanin 1405 da 1433, wanda ya kai har gaɓar gabashin Afirka. Tafintansa, Ma Huan, wanda ya iya Larabci, shi ya rubuta labarin ƙasashen da suka gani.

A fagen tasawwufi, shehunnai biyu sun bar tarihi a ƙarni na 18: Ma Laichi, wanda ɗariƙarsa ta Khufiyya ta riƙi zikiri a asirce, da Ma Mingxin, wanda ya yi karatu a Yaman ya komo da Jahriyya, masu ɗaga murya a zikiri. Dukansu rassan Naƙshabandiyya ne, amma saɓanin da ke tsakanin muridansu ya tsananta har hukuma ta sa hannu, aka kashe Ma Mingxin a birnin Lanzhou a 1781. Daga baya Muhammad Ma Jian (1906–1978), wanda ya yi karatu a Azhar, ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Sinanci, aka buga tarjamar a 1981, bayan rasuwarsa.

A wannan zamani sunan ya fi fitowa a harkar kasuwanci da mulki, ta hanyar Jack Ma da ya kafa kamfanin Alibaba a 1999, da Ma Huateng na kamfanin Tencent, da Ma Ying-jeou da ya shugabanci Taiwan daga 2008 zuwa 2016. Don haka wanda ya ji an ce Ma, kada ya yi gaggawar yanke hukunci a kan addinin mai sunan, sai ya tambayi garinsu da gidansu.