Alheri, bangaskiya da ayyuka nagari: Yadda Kiristoci suka fahimci hanyar ceto

A koyarwar addinin Kirista, ceto shi ne kuɓutar ɗan Adam daga zunubi da hukuncinsa, da maido da zumunci tsakaninsa da Allah ta wurin Yesu Almasihu. Kalmomi uku ne ke riƙe da wannan koyarwa: alheri, bangaskiya da ayyuka nagari. Babu wata babbar ɗarikar Kirista da ta yi watsi da ɗaya daga cikinsu. Saɓanin yana wajen jera su ne: wanne ne saiwa, wanne ne 'ya'ya, kuma wanne Allah yake dubawa idan zai karɓi mutum. Wannan tambaya ta raba cocin Yammacin Turai gida biyu a ƙarni na 16, ta shiga lissafin sarakuna da masu ba da rance, kuma sai a 1999 Katolika da mabiya Luther suka rattaba hannu a kan matsaya guda game da ita.

Ma'anar kalmomin

Alheri ita ce kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya zaɓa domin fassara kalmar Girkanci “karis”. Ana nufin tagomashin da Allah yake yi wa mutum ba don ya cancanta ba. Ma'aikacin da aka biya albashi haƙƙinsa ya karɓa. Wanda aka yi wa alheri kuwa ba ya bin kowa bashi.

Bangaskiya ta wuce yarda cewa akwai Allah. Ta haɗa da dogara gare shi da jingina rai ga alkawarin da ya yi ta wurin Almasihu.

Ayyuka kuma iri biyu ake nufi, kuma gaza rarrabe su ya haddasa ruɗani mai yawa. Akwai ayyukan Shari'ar Musa, kamar kaciya da dokokin abinci da kiyaye ranar Asabar. Akwai kuma ayyukan ƙauna da jinƙai, kamar ciyar da mayunwaci, duba marar lafiya da yin adalci.

Kalma ta huɗu, wadda aka fi yin gardama a kanta, ita ce baratarwa, wato yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci.

Bulus da Yakubu

Tushen muhawarar yana cikin Sabon Alkawari kansa. Manzo Bulus, a wasiƙunsa ga Romawa da Galatiyawa, ya yi tsayin daka cewa waɗanda ba Yahudawa ba suna iya shiga jama'ar Almasihu ba tare da kaciya ba, domin ana karɓar mutum ne saboda bangaskiya, ba saboda cika Shari'a ba. Sura ta biyu ta wasiƙa ga Afisawa ta bayyana ceto a matsayin kyautar da ba ta bar wa kowa abin fahariya ba, sannan nan take ta ce an sabunta mai bi ne domin ya aikata nagarta.

Wasiƙar Yakubu ta fuskanci batun daga wani ɓangare. Marubucin yana magana ne da masu cewa sun gaskata amma suna sallamar ɗan'uwa mabuƙaci da fatar baki kawai, kuma ya ɗauki irin wannan bangaskiya a matsayin marar rai. Dukansu biyu da Ibrahim suka kafa hujja. Bulus ya lura cewa an karɓe shi tun kafin a yi masa kaciya. Yakubu ya dubi biyayyarsa a lokacin da aka umarce shi ya miƙa ɗansa. Ga kuma sura ta 25 ta Linjilar Matiyu, inda aka kwatanta shari'ar ƙarshe a kan yadda mutane suka bi da mayunwata, baƙi, marasa lafiya da 'yan kurkuku.

Galibin malaman Kirista sun daidaita nassosin biyu da cewa Bulus yana yaƙi ne da masu son sayen karɓuwa da aiki, shi kuwa Yakubu da masu fakewa da bangaskiya domin su guje wa aiki.

Augustine da Pelagius

Babbar takaddama ta farko ta tashi a farkon ƙarni na 5. Pelagius, wani ɗan zuhudu daga Birtaniya da ya zauna a Roma, ya damu da sakacin Kiristocin birnin. A ganinsa, tunda Allah ya umarci mutum ya yi nagarta, lalle ya ba shi ikon yinta, kuma zunubin Adamu mugun misali ne kawai, ba gado ba.

Augustine (354 zuwa 430), bishop na Hippo, wato garin Annaba na Aljeriya a yau, ya ƙalubalance shi. Ya ce zunubi ya raunata nufin ɗan Adam har ba zai iya juyowa ga Allah da ƙarfin kansa ba, sai alheri ya riga ya taɓa shi. Ko bangaskiyar ma kyauta ce. Taron bishop-bishop na Carthage a 418 ya yi tir da koyarwar Pelagius. Taron Orange a kudancin Faransa, a 529, ya ƙara da cewa ko matakin farko na neman Allah daga alheri yake. Tun daga nan cocin Yamma ya tsaya a kan cewa Allah ne ke farawa. Abin da ya rage shi ne rawar da mutum ke takawa bayan haka.

Takardun sassauci da bashin Akbishop

A tsakiyar zamanin Turai, coci ya koyar da cewa ko an gafarta wa mai tuba zunubinsa, akwai sauran horo da zai cika, a duniya ko a wani matsayi na tsarkakewa bayan mutuwa. Coci na iya rage wannan horo saboda wani aikin ibada, kamar ziyarar wurare masu tsarki ko sadaka. Sannu a hankali takardar da ke shaida wannan sassauci ta zama hanyar tara kuɗi.

A 1514 Albrecht na Brandenburg ya zama Akbishop na Mainz a Jamus, kuma ya ci bashi mai nauyi daga gidan Fugger, attajiran Augsburg, domin biyan abin da Roma ta buƙata. Fafaroma Leo na 10 ya amince a yi wa'azin takardun sassauci a yankunansa: wani kaso na kuɗin ya tafi ginin majami'ar Saint Peter a Roma, wani kuma ya tafi biyan bashin. Mai wa'azin da ya fi shahara a wannan aiki shi ne Johann Tetzel.

Martin Luther, ɗan zuhudu kuma malamin Littafi Mai Tsarki a Jami'ar Wittenberg, ya aika wa Albrecht batutuwa 95 a ranar 31 ga Oktoba, 1517, yana ƙalubalantar wannan ciniki. Na'urar buga littattafai ta yaɗa su cikin ɗan lokaci. A 1521 aka kore shi daga coci, kuma a gaban Sarki Charles na 5 a birnin Worms ya ƙi janye rubuce-rubucensa.

Matsayar Luther ita ce ana baratar da mutum ta alheri kaɗai, ta wurin bangaskiya kaɗai. Adalcin da Allah yake gani na Almasihu ne, an lissafa shi ga mai bi, shi ya sa Kirista yake mai adalci a gaban Allah alhali har yanzu mai zunubi ne a cikin kansa. Ya yi nisa a wannan har ya ƙara kalmar “kaɗai” a fassararsa ta Jamusanci ta Romawa 3:28, ya kuma rage darajar wasiƙar Yakubu a gabatarwar da ya rubuta a 1522. Amma bai soke ayyuka ba. Ya ce itace mai kyau ne ke ba da 'ya'ya masu kyau, ba 'ya'yan ne ke gyara itacen ba, kuma tunda Allah ba ya buƙatar aikin mutum, maƙwabci ne ya kamata ya amfana da shi. A 1522 hukumar Wittenberg ta kafa asusun gari domin tallafa wa matalauta, ta kuma hana bara.

Amsar Katolika

Cocin Katolika ya mayar da martani a Taron Trent da ke arewacin Italiya (1545 zuwa 1563). A ranar 13 ga Janairu, 1547, taron ya fitar da ƙuduri kan baratarwa mai babi 16 da hukunce-hukunce 33. Ya yarda cewa babu abin da mutum zai gabatar tun farko, bangaskiya ko aiki, da zai sa ya cancanci alheri. Sai dai ya ce baratarwa ba yafiya kawai ba ce, sabuntawa ce ta ainihi a cikin mutum. Mutum na iya ba alheri haɗin kai ko ya ƙi shi. Ayyukan da aka yi cikin alheri suna ƙara adalci kuma suna da lada. Sannan babu wanda zai iya samun cikakken tabbacin makomarsa sai da wahayi na musamman. A 1567 Fafaroma Pius na 5 ya soke duk wani sassauci da ke haɗe da biyan kuɗi.

A taƙaice, Furotesta sun raba baratarwa da tsarkakewa: ta farko hukunci ne da Allah ya yanke, ta biyu rayuwa ce da ke biyo baya. Katolika sun ɗauke su tafiya guda da ke farawa daga baftisma.

Saɓani a cikin gidan Furotesta

Furotesta ma ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. John Calvin na Geneva (1509 zuwa 1564) ya koyar da cewa Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta tun fil'azal, kuma ayyuka nagari shaida ce ta zaɓen, ba dalilinsa ba. Mabiya Jacobus Arminius a Holan suka ce alheri na kowa ne kuma ana iya ƙin sa. Taron Dort (1618 zuwa 1619) ya yanke hukunci a kansu. John Wesley, wanda ya kafa tafiyar Methodist a Ingila a ƙarni na 18, ya bi sahun Arminius, ya kuma jaddada tsarkin rayuwa da hidimar jama'a.

Cocin Orthodox na Gabas bai shiga wannan rikici da salon Yamma ba. Ya fi kallon ceto a matsayin warkarwa da kusantar Allah, inda alheri da nufin mutum ke aiki tare.

Inda aƙida ta haɗu da mulki

Batun ya wuce zauren malamai domin yana taɓa iko. Idan alheri yana zuwa ta hannun limaman coci da ibadun da suke gudanarwa, to mai riƙe da coci yana riƙe da babban makami. Idan kuwa bangaskiya kaɗai ta isa, wannan makami ya rage kaifi, kuma dukiyar gidajen zuhudu ta zama abin da sarakuna za su iya hanƙoro. Yarjejeniyar Augsburg ta 1555 ta ba kowane basarake a daular Jamus damar zaɓar wa talakawansa tsakanin Katolika da tafarkin Luther. Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648), wanda addini da gasar sarauta suka cakuɗe a cikinsa, ya ɗaiɗaita tsakiyar Turai. A Holan, babban ɗan siyasa Johan van Oldenbarnevelt, wanda ya kare mabiya Arminius, an fille masa kai a watan Mayun 1619 bayan ya sha kaye a hannun Maurice na Nassau.

Matsayar 1999

A ranar 31 ga Oktoba, 1999, a Augsburg, wakilan Vatican da na Tarayyar Lutheran ta Duniya, ciki har da babban sakatarenta Ishmael Noko ɗan Zimbabwe, suka sanya hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da baratarwa. Ta ce Allah yana karɓar mutum saboda alheri, ta wurin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarsa ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke sabunta shi ya kira shi ga ayyuka nagari. Ta ƙara da cewa hukunce-hukuncen da ɓangarorin biyu suka yanke wa juna a ƙarni na 16 ba su shafi koyarwar da aka bayyana a cikinta ba. Majalisar Methodist ta Duniya ta shiga a 2006, ƙungiyar cocin Reformed ta duniya kuma a 2017.

Ba kowa ya gamsu ba. Wasu cocin Lutheran masu ra'ayin riƙau da Furotesta masu bishara da dama suna ganin an lulluɓe saɓanin ne da kalmomi. Maganar lada, tsarkakewa bayan mutuwa, sassauci da matsayin Fafaroma duk suna nan ba a warware su ba.

A Najeriya

Dukan waɗannan tafarkuna suna da magada a Najeriya. Cocin Lutheran na Almasihu a Najeriya, mai tushe a Numan ta Jihar Adamawa, ya samo asali daga aikin mishan na 'yan Denmark da ya fara a 1913. A 2017, shekarar cika 500 da batutuwan Luther, an zaɓi Akbishop ɗinsa, Musa Panti Filibus, shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a taron Windhoek na Namibiya.

Tsohuwar tambayar kuma tana dawowa da sabbin tufafi. Masu sukar wa'azin da ke alƙawarta arziki da lafiya ga wanda ya ba da kuɗi a coci suna cewa cinikin Tetzel ne ya sake fitowa. Masu kare shi suna cewa bayarwa alama ce ta bangaskiya. A ɗaya gefen akwai haɗarin da malamin Jamus Dietrich Bonhoeffer ya yi gargaɗi a kansa a 1937, lokacin da coci da yawa suka yi shiru a gaban mulkin Hitler: alherin da ake shelarsa ba tare da tuba ko biyayya ba. Gwamnatin Nazi ta rataye shi a watan Afrilun 1945. A kan waɗannan abubuwa biyu, Katolika, Furotesta da Orthodox bakinsu ɗaya ne: ba a sayen ceto da kuɗi ko da aiki, kuma wanda ya ce ya karɓe shi, ana sa ran a ga alamarsa a yadda yake bi da mutane.