Daga Hanyar Fatake Zuwa Zauren Sinod

Bana na zaɓi in taɓo wani ɓangare na tarihin yankinmu wanda ba kasafai ake rubuta shi ba, wato yadda aka yi har mutumin ƙauyukanmu ya sami kujera da ƙuri'a a babban taron Cocin Angilikan na ƙasa, wanda ake kira Sinod.

A shekarar 1900 ne Bishof Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya taso daga Ikko da abokan tafiya huɗu, cikinsu har da Likita Mila. Suka biyo ta Zariya suka iso Kano, zamanin da fatake ke yada zango a Bebeji tsakanin biranen nan biyu. Sarkin Kano Alu bai yarda da zamansu ba, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A 1905 Likita Mila ya zauna a birnin Zariya, a 1929 mishan ta tashi zuwa Wusasa, sa'an nan Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932.

Bayan Turawa sun ci ƙasar, su da kansu suka taƙaita aikin mishan a masarautu. Saboda haka cocin da ya kafu a Kano ya fi ƙarfi a Sabon Gari, tsakanin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa na Kudu. Ko da aka kafa Dayosis na Arewa a 1954, da wuya a ga Bahaushen karkarar Kano a wurin yanke shawara. Sai daga baya Maguzawan kudancin Kano suka shiga ikilisiyoyi da yawa, wasu ECWA, wasu Katolika, wasu Angilikan, wajen shekarun da aka gina madatsar Tiga, daga 1971 zuwa 1974, hanyoyi da makarantu suka fara ratsa ƙauyukanmu.

Ranar 24 ga Fabrairu, 1979, cocin Nijeriya ya tsaya da ƙafarsa ƙarƙashin Akbishof Timothy Olufosoye. Kano ta sami nata dayosis a 1980. Daga baya kuwa aka yanka wa Bari, ta maƙwabtanmu na Rogo, dayosis, Bishof Idris Zubairu ya fara riƙe shi. A ganina wannan ya fi dukkan sauran nauyi a gare mu, domin kowane dayosis yana tura wakilansa Sinod na ƙasa, to, ran da aka kafa shi a tsakiyar manoman Hausawa, ran nan muryarsu ta sami ƙofa.

Wakilcin hawa-hawa ne. Ikilisiyar ƙauye ta zaɓi mutanenta zuwa taron dayosis na shekara-shekara, shi kuma ya zaɓi masu zuwa taron ƙasa, wanda ake yi bayan kowace shekara uku. Majalisu uku ne a can: ta bishof-bishof, ta limamai, da ta sauran jama'ar ikilisiya. A wannan ta ukun ne malamin makaranta daga Kiru ko Doguwa ke zama kafaɗa da kafaɗa da alƙalai da farfesoshi, kuma ƙuri'arsa daidai take da tasu.

Kada a ɗauka zuwa cin shinkafa ne. A Satumba 2005, a Anacha, zamanin Akbishof Peter Akinola, taron ya gyara tsarin mulkin cocin, ya cire sharaɗin nan da ke ɗaure shi da kujerar Kantabari ta Ingila, ya ce zumuncinsa yana tare da duk cocin Angilikan da ya riƙe koyarwar asali. Tushen rigimar kuwa naɗin wani bishof ne da cocin Episkofal na Amurka ya yi a 2003, wanda Nijeriya ta ƙi amincewa da shi. Maganar da ta girgiza Landan da Amurka, a irin wannan zauren aka yanke ta.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Da Turanci ake tafiyar da taron, takardunsa kuma masu kauri ne, cike da harshen lauyoyi. Shi ya sa tun farko nauyin wakilci ya faɗa kan tsofaffin ɗaliban kwalejojin horon malamai, don mu ne muka iya karanta rahoto, mu komo gida mu warware shi da Hausa bayan sujadar Lahadi. Wakilin da ba ya iya miƙewa ya yi magana cikin mintocin da aka ba shi, sai a gama zancen dokoki da kasafin kuɗi ba a ji na rijiyar ƙauyensa ba, ko ajin da rufinsa ya yaye, ko filin maƙabarta. Sa'o'ina yawancinmu mun haura sittin, kwalejojin da suka horar da mu an daɗe da sauya su, yaran da suka yi ilimi mai zurfi kuma kuna Kano da Kaduna da Abuja, sunayenku na cikin rajistar ikilisiyoyin can. In lokacin zaɓen wakilai ya zo a gida, sau da yawa tsofaffin fuskokin nan ake sake ɗorawa.