Vev: Tsuntsun La Digue da ya kusa ƙarewa

Vev ƙaramin tsuntsu ne mai cin ƙwari, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tsibiran Seychelles da ke Tekun Indiya. Masana na kiransa Terpsiphone corvina. Sunan da mutanen ƙasar suka ba shi ya samo asali ne daga kalmar Faransanci mai nufin matar da mijinta ya rasu, domin namijin baƙi ne wuluk, mai sheƙi, da doguwar jela da ke bin bayansa. Macen kuwa kanta baƙi ne, bayanta ja-ja, cikinta fari, jelarta gajera.

A da ana samunsa a tsibirai da dama, ciki har da Praslin da Aride da Marianne. Sare dazuzzuka domin gonakin kwakwa, tare da ɓeraye da kyanwoyin da suka biyo mutane a jiragen ruwa, suka kawar da shi daga waɗannan wurare, har ya rage a La Digue, tsibirin da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 10 ba. A shekarun 1960 adadin da aka ƙidaya bai wuce 'yan gommai ba.

Yadda yake hayayyafa ne ya sa farfaɗowarsa ke ɗaukar lokaci. Macen ƙwai ɗaya tak take sakawa a kowane karo, a cikin 'yar sheƙa mai siffar kofi, wadda ake saƙawa da zaren tsirrai a ɗaure da yanar gizo-gizo a ƙarshen siririn reshe mai lilo. Ita ke kwanciya a kan ƙwan na kimanin kwana 17, sannan iyayen biyu su ciyar da ɗan tsakon. Idan ɓera ko wani tsuntsu ya cinye ƙwan, aikin ya koma farko. Ya fi son inuwar manyan bishiyoyin takamaka da badamier a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar yammacin La Digue, kuma can ne mutane suka fi son gina gidaje da masaukin baƙi.

An keɓe wa tsuntsun wani ɗan daji mai suna Veuve Reserve, amma yawancin tsuntsayen a wajensa suke, a filayen mutane. Masana sun daɗe suna gargaɗin cewa muddin jinsin na tsibiri ɗaya, annoba ɗaya ko gobara ɗaya na iya gamawa da shi. Mafitar da suka kawo ita ce a kwashe wasu zuwa wani tsibiri. Mutanen La Digue ba su yarda da farko ba: tsuntsun tambarinsu ne, kuma yana jawo musu masu yawon buɗe ido. Damuwarsu tana da tushe. Sai da aka yi ta tattaunawa da wayar da kai kafin su amince.

A watan Nuwamban 2008 aka kai tsuntsaye 23 tsibirin Denis, inda tuni aka kawar da ɓeraye da kyanwoyi. A 2009 aka samu ɗan tsako na farko a can. A 2018 aka fara kafa rukuni na uku a tsibirin Curieuse. A 2020 ƙungiyar IUCN ta sauko da shi daga rukunin halittun da ke dab da ƙarewa zuwa rukunin masu rauni.

Har yanzu mafi yawan tsuntsayen na La Digue, inda gine-gine ke ci gaba da cin daji, wata cutar bushewa kuma ke kashe bishiyoyin takamaka. Kowane izinin gini da aka bayar a yammacin tsibirin yana shafar bishiyoyin da Vev ke sheƙa a kansu.