Daga Kwalejin Katsina Zuwa Barewa: Waiwaye Kan Darussa da Littattafai

Masu iya magana kan ce, waiwaye adon tafiya. Duk mai son sanin yadda ilmin boko ya kafu a Arewa, tilas ne ya waiwayi Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Manufar Turawa a lokacin ita ce samar da malaman da za su koyar a makarantun larduna, domin makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ba ta wadatar ba.

Ɗalibi kan shafe shekara biyar a wannan kwaleji. Darasin da aka fi bai wa muhimmanci shi ne Ingilishi, musamman furuci da karatu a bayyane, har ta kai ana gane ɗan Katsina da jin lafazinsa. Sai kuma Lissafi da Tarihi da Labarin Ƙasa da dabarun koyarwa. Ba a bar Larabci da addini a baya ba, domin akwai malamai irin su Malam Bello Kagara da ke koyar da su, abin da ya kwantar da hankalin sarakuna da iyaye. Bayan an tashi daga aji kuwa, sai wasanni irin su kurket da wasan fayis. Kimiyya ce ba ta samu gurbi da wuri ba, kuma wannan jinkiri ya taimaka wajen ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan Arewa a lokacin da aka samu mulkin kai a 1960.

Babbar matsalar makarantun wancan zamani ita ce littattafai. Na Ingilishi daga Ingila ake kawo su, cike da labarin sarakuna da kogunan da yaro bai taɓa gani ba. Na Hausa kuwa 'yan kaɗan ne. Don cike wannan giɓi aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. A 1933 ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, kuma a nan ne kwalejin ta biya bashin da harshen Hausa ke bin ta. Abubakar Imam, tsohon ɗalibinta, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma ɗalibinta, ya rubuta Shaihu Umar. Malaminsu Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Daga baya Imam ya ƙara da Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ashe waɗanda aka horar su iya Ingilishi su ne suka aza harsashin rubutaccen zube na Hausar boko.

An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda aka raɗa mata suna Barewa a 1971. A tsawon wannan tafiya ta tashi daga makarantar horon malamai ta koma cikakkiyar sakandare mai ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya da ɗakin karatu. Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'adua duk sun bi ta cikinta.

Abin lura a gare mu, mu masu nazarin Hausa, shi ne yawancin littattafan da aka rubuta domin ɗaliban wancan lokaci har yau su muke karantawa a sakandare da jami'a. Wannan shaida ce ta ingancinsu, amma kuma tuhuma ce a kanmu. Adabi ya samu masu hidima, amma ina littattafan Kimiyya da Lissafi na sakandare cikin Hausa? Mutanen Katsina sun ga giɓin zamaninsu sun cike shi da alƙalaminsu. Wanda ya rage kuwa, mu ne ya rataya a wuyanmu.